Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Yadda Ake Koya wa Yara Sifaniyanci a Gida

Ranar da na dafa teburin karatunmu na ce wa autana sunansa da Sifaniyanci "mesa", sai da ya janye ƙafafunsa sama yana leƙen ƙarƙashi. "Umma, mesa kuma? A ina?" Yayyensa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Daga ranar babu wanda ya sake mance kalmar a gidan nan.

'Ya'yana uku ne, a gida nake koya musu boko da safe a nan Bauchi, da yamma su tafi Islamiyya. Sifaniyanci ya shigo mana ne ta hanyar babansu, wanda aiki ya kai shi Malabo, a ƙasar Ikwatoriyal Gini, ƙasa ɗaya tilo a Afirka da wannan harshe yake harshen hukuma a cikinta. Shi ya fara ɗora ni, sauran kuma tare da yaran na koya. Masu tambayata me ya kai ni ga yaren da ba a koyarwa a makarantunmu nakan ce musu ƙasashe 20 ne ke gudanar da mulki da shi, kusan mutum miliyan 500 sun tashi da shi a baki, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Samarin unguwa kuwa ba sa buƙatar bayani, tunda a kan Real Madrid da Barcelona suke kwana suna musu.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da ya yi mana aiki bayan wanda ya ƙi.

Mataki na farko: ku cire Turanci daga tsakani

Watanni biyu na ɓata a farko. Na samo littafin da aka rubuta wa yaran Amurka, duk bayaninsa da Turanci, na zaunar da yara. Sai babbar 'yata ta riƙa karanta kalmomin Sifaniyanci da bakin Turanci. Kalmar "come", wadda ke nufin yana cin abinci kuma ake furta ta kamar "kome" namu na Hausa, sai ta ce "kam". "Once", wato goma sha ɗaya, ta ce "wans". Yaro yana fama da baƙon harshe, kuma an ce sai ya bi ta wani baƙon kafin ya isa.

Babansu ne da ya zo hutu ya ce in ajiye littafin in sa ta karanta kamar Hausa take karantawa. A take rabin matsalar ta kau. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke furta su a boko haka suke, ba sa sauya murya daga wannan kalma zuwa waccan. Yaron da ya iya karanta "tumatur" zai karanta "tomate" daidai tun ranar farko.

Ginin jimla ma ya fi kusa da namu. Bature cewa yake shi ne shekara goma, mu kuwa "ina da shekara goma" muke cewa, su ma haka: "tengo diez años". "Akwai ruwa" shi ne "hay agua", "babu ruwa" kuma "no hay agua". "Littafin Baba" shi ne "el libro de papá", abin mallaka a gaba, mai shi a baya. "Riga fara", "camisa blanca". "Talatin da ɗaya", "treinta y uno". Saboda haka duk bayanin da za ku yi, ku yi shi da Hausa. Idan kayan karatun da kuka samu na Turanci ne, kamar manhajar Duolingo, ku iyaye ku yi amfani da su da daddare ku fahimci darasin, da safe ku juye wa yara da harshen gida.

Mataki na biyu: ku zaɓi lafazi ɗaya

Wannan ba ya buƙatar dogon tunani. A yawancin Sifaniya, harafin z da kuma c idan ta zo kafin e ko i ana furta su kamar "sa" mai ɗigo uku ta Larabci, da harshe tsakanin haƙora. A Meziko da Kolombiya da sauran Latin Amurka s ce kawai. Can kuma ba sa amfani da "vosotros", wato "ku" da ake ce wa sa'anni, don haka siffofin aikatau biyar yaro zai riƙe maimakon shida. Na Latin Amurka na zaɓa don sauƙi. Duk wanda kuka ɗauka za a fahimci yaranku ko'ina, illa dai kada a riƙa yi musu tsalle tsakanin biyun a shekarar farko.

Mataki na uku: makonni shida na kunne da jiki, babu biro

Minti goma sha biyar zuwa ashirin a kullum, bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi kan yaro ya ɗau nauyi. Wannan ya fi awa biyu a ranar Asabar nesa ba kusa ba.

A wannan zango umarni kawai za ku riƙa bayarwa kuna aikatawa tare. "Levántate", ku miƙe. "Siéntate", ku zauna. "Ven", zo. "Corre", ruga. "Abre la puerta", buɗe ƙofa. "Toca la nariz", taɓa hanci. "Dame la taza", miƙo mini kofi. Wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke, James Asher, shi ya tsara wannan hanya a shekarun 1960, bisa lura da cewa jariri yakan daɗe yana jin magana yana aikata ta kafin ya furta. Duk uwar da ta taɓa aiken ɗan shekara biyu ya ɗauko mata ludayi ta san haka ba tare da ta karanta ba.

Umarni uku sababbi a rana sun isa, a haɗa da na jiya da na shekaranjiya. Kada ku matsa wa yaro ya maimaita. Na tsakiya a gidana ya yi kusan wata guda bai ce uffan ba, har na fara zargin ba ya fahimta, sai ranar nan na ji shi a tsakar gida yana daka wa akuya tsawa, "¡Sal de aquí!", wato fice daga nan. Da zarar sun fara haka, ku sakar musu ragama su riƙa ba ku umarni. Babu abin da ke faranta wa yaro rai kamar ya sa uwarsa ta yi tsalle.

Ku shigar da gaisuwa tun makon farko, tunda mu mutanen gaisuwa ne: "buenos días" da safe, "buenas tardes" da yamma, "buenas noches" da dare. Ku nuna musu cewa "tú" na sa'a ne da ƙane, "usted" na babba, kamar yadda ba a ce wa kaka "ke" sai "ku". Yaranmu ba sa wahala a nan.

Mataki na huɗu: gyaran baki

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ribar Bahaushe take, nan ne kuma raminsa.

Ribar tukuna. Harafin rr mai karkarwa, wanda Turawan Ingila ke shekaru suna fama da shi, yana bakinmu: shi ne na "sirri" da "sharri". Don haka "perro", kare, da r ɗin "sirri" ake faɗinsa, "pero" kuwa, wato amma, da bugu ɗaya kamar a "tara" ta lissafi. Duk r da ta zo a farkon kalma mai karkarwa ce. Harafin ñ shi ne sautin tsakiyar "hanya", saboda haka "mañana" manyana ce. Ch ita ce c ɗinmu ta "ciki". J ita ce "kha" ta Larabci da yara suka sani a Islamiyya, kuma ko h ɗin Hausa suka sa za ta wuce, domin haka nan mutane da yawa a Latin Amurka ke faɗinta. Ll kamar y take a mafi yawan ƙasashe. H ba a furta ta sam: "hola" ola ce. B da v sauti ɗaya ne, an hutar da mu.

Ramin kuwa p ne da f. Mu a Hausa harafi ɗaya ne yake yawo tsakanin sautuka, shi ya sa ba ma jin bambancin "fanka" da "panka". A Sifaniyanci ma'ana ce ke sauyawa: "puente" gada, "fuente" maɓuɓɓugar ruwa, "presa" madatsar ruwa, "fresa" wani ɗan itace ja, "pino" bishiya, "fino" abu mai laushi ko siriri. Ga yadda muka yi. A kawo madubi. Wajen f, haƙoran sama su sauka kan leɓen ƙasa iska ta riƙa zirarowa, ana iya jan ta har numfashi ya ƙare. Wajen p, leɓɓa biyu su rufe ruf sannan su buɗe, ba ta januwa. Idan yaro ya kasa, a ce ya faɗi "baba" da raɗa, ba murya. Abin da zai fito "papa" ne. Minti biyu a kullum na wannan wasa, har wata biyu ko uku. Gidan da ake jin Fulatanci ba su da wannan wahala, domin mai cewa "Pullo" da "Fulɓe" ya riga ya raba su. Idan akwai goggo ko kaka Bafulatana a gida, ku sa ta zama alƙaliyar wasan.

Sai baƙaƙe biyu a jere. Bakinmu yana son cusa wasali, "tres" ya koma "tiris", "libro" ya koma "liburo". Wannan bai kai na p muni ba, za a gane yaro, kuma yawan sauraro yana goge shi.

Na ƙarshe shi ne nauyin gaɓa. Hausa da hawa da saukar murya take rarrabe kalmomi, Sifaniyanci kuwa da gaɓar da aka danna. "Papá" uba ne, "papa" dankali. "Hablo", ina magana; "habló", ya yi magana. Ƙa'idar gajeriya ce: kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, gaɓa ta biyun ƙarshe ake dannawa, wadda ta ƙare da wani baƙi daban, ta ƙarshe, idan kuma an ga 'yar alama a kan wasali, ita ke da iko. Tafi muke yi a kan gaɓar mai nauyi, ba na sa su haddace ƙa'idar.

Mataki na biyar: tara kalmomi

Ku fara da waɗanda yaro ya riga ya sani bai san ya sani ba. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga shekarar 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma Larabci ya bar dubban kalmomi a harshen. Mu ma daga Larabcin muka ara, sai muka haɗu a tsakiya. "Azúcar" sukari. "Aceituna" zaitun. "Limón" lemon tsami. "Taza" da tasarmu uwa ɗaya ce ta haife su, sai dai tasu kofi ce. "Hasta" ita ce hatta. "Alcalde" alƙali ne a asali, ko da yake yau magajin gari suke nufi. "Ojalá", da suke faɗi idan suna fatan abu, sunan Allah ne a ƙarshenta. Ranar da na gaya wa babbar cewa Imam Ƙurɗubi mai tafsiri mutumin Córdoba ne, kuma Ibn Malik mai Alfiyya a garin Jaén aka haife shi, da kanta ta ɗauko taswira tana neman garuruwan.

Bayan su sai kalmomin ban dariya irin su mesa. "Rana" kwaɗo ne. "Cama" gado. "Cara" fuska. "Baba" dalalar yawu, wanda babansu bai ji daɗinsa ba. "Mata" na nufin yana kashewa, wannan kuma ni ce ban ji daɗinsa ba. "Masa" ƙullu ne ko kwaɓin fulawa, abin da ya sa yaran suka yanke hukuncin cewa daga Bauchi aka kai musu kalmar. Gargaɗi ɗaya: sunan kyanwa da na jaki a wannan harshe sun yi kama da kalmomin da ba a faɗa a gaban manya a Hausa, kuma suna shafin farko na kusan kowane littafin yara. Ku riga su gani, ku yi musu bayani a natse, ku ce ban da faɗa a waje. Haka za ku ci karo da "cerdo", "jamón" da "vino", wato alade, namansa da giya. Ni na koyar da su da gangan. Wanda zai je ƙasar mutane ya kamata ya iya karanta abin da ke jikin gwangwani.

Don kada kalmomi su zube, ga dabarar da wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ya bayyana a 1972, wadda a wurina tilawa ce aka sa wa gwangwani. A yanka kwali ƙanana, gaba a rubuta kalmar, baya a zana hoton abin ko a rubuta Hausarsa. A samu gwangwanayen madara uku. Na farko kullum ake bitarsa, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Asabar kawai. Katin da yaro ya ci ya ƙara gaba, wanda ya faɗi ya dawo na farko ko daga ina yake. Kalma biyar sababbi a rana ga manya, uku ga ƙanana. Kuma kada a taɓa rubuta suna shi kaɗai: "la mesa" za a rubuta, "el libro", domin jinsin ya shiga kai tare da kalmar, tunda "la" ta mace ce, "el" na namiji.

Maganar jinsi ma gida ce. Muna da namiji da mace a sunaye, kuma yawancin na mace da -a suke ƙarewa, su ma haka. Sai dai ba kullum ake dacewa ba: rana mace ce a wurinmu, "el sol" namiji, wata namiji, "la luna" mace, gida namiji, "la casa" mace. Akwai kuma 'yan tawaye irin "el día", yini, namiji duk da ya ƙare da -a, da "la mano", hannu, mace duk da ba ta ƙare da -a ba. Mu da Kanawa ke yi wa tsiya cewa "motan Alhaji" muke faɗi, sai mun ƙara sa ido a nan.

Mataki na shida: a fitar da harshen daga kan tebur

Daga wata na uku, ku ware wani lokaci na yini da ba a magana sai da shi. Mu lokacin abincin rana muka ɗauka. Mai son ƙari sai ya ce "quiero más", mai jin ƙishi "tengo sed". Wanda ya manta ba a hana shi abinci, a'a, ana dai tuna masa ya faɗa.

Ranar Alhamis muna buɗe kasuwa a tsakar gida. A baje tumatur, albasa, shinkafa, gishiri, ɗaya ya zama mai kaya, sauran masu saye, da kuɗin takarda da suka zana. "¿Cuánto cuesta?", nawa ne. "Es muy caro", ya yi tsada. A nan lissafi ke zama, don yaron da ke tsoron a cuce shi a canji ba ya mance "cincuenta", wato hamsin. Idan na tafi da su kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, a hanya suna kiran sunan duk abin da suka gani. Kafin mu je Yankari mun yi mako biyu a kan dabbobi, "el elefante", "el león", "el mono", da kuma "el agua está caliente", ruwan yana da zafi, saboda ruwan Wikki.

Bidiyon yara na Sifaniyanci suna da yawa a YouTube. Ku sauke su a waya lokacin da data ke da sauƙi, don kada ɗaukewar wuta ko rashin sabis ya tsayar da darasi. Sharaɗi biyu: ku kalla tukuna kafin yara su gani, kuma ku zaɓi wanda suke gane mafi yawansa. Bidiyo ɗaya mai sauƙi sau biyar ya fi biyar masu wuya sau ɗai-ɗai.

Mataki na bakwai: karatu, rubutu, sannan nahawu

Ɗan ƙasa da shekara bakwai a bar shi a kan kunne da baki. Wanda ya iya karatun Hausa sosai zai iya fara na Sifaniyanci bayan makonni shidan nan. Haruffan 27 ne, sababbin abubuwa kaɗan: qu ana karanta ta k, g kafin e ko i kamar j take, alamar tambaya da ta mamaki kuma ana sa su a farkon jimla a kife, sannan a ƙarshe a miƙe. Shifta ta jimla uku sau biyu a mako ta wadatar. Ni da kaina nake rubuta musu gajerun labarai da kalmomin gwangwani, wani lokaci tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi nake juyawa, tunda sun san inda labarin ya dosa.

Nahawu sai wajen shekara goma ko sha ɗaya, kuma bayan an yi aƙalla rabin shekara ana magana. Aikatau kashi uku ne, masu ƙarewa da -ar, -er, -ir. Mu a gaba muke sa mai aiki, na, ka, ya. Su a wutsiya: "hablo, hablas, habla, hablamos, hablan". Na ce wa babbar ta tuna "katabtu, katabta, kataba" na darasin sarfu, sai ta ce, "Au, tasrifi ne ashe." Aikatau ɗaya a mako, a rera shi kamar karatun allo, sannan a gina jimloli goma da shi a kan mutanen gida.

"Ser" da "estar", da littattafan Turanci ke cika shafuka a kansu, da Hausa na raba musu: inda za ka ce "ne" ko "ce", yawanci ser ne, inda za ka ce "ina", "yana", "tana" a wuri ko a wani hali, estar. "Soy maestra", ni malama ce. "Estoy en casa", ina gida. Ba ta ɗauke kowane hali ba, amma za ta kai yaro shekara biyu kafin ya ci karo da inda ta gaza.

Mataki na takwas: baƙon kunne

Uwa tana gane maganar ɗanta ko da karkatacciya ce, shi ya sa ake buƙatar wani daga waje. Mu saƙon murya na WhatsApp ne tsakaninsu da babansu, kowane yaro minti ɗaya a mako, shi kuma ya amsa. Wanda ba shi da irin wannan ya cigita a cikin likitocin da suka yi karatu a Kyuba ko mutanen da suka zauna a Malabo. Akwai kuma malamai a dandalin italki da ake biya a kan kowane darasi, da kuɗin waje, don haka rabin awa sau biyu a wata ya isa, kuma uwa ko uba na zaune a gefe har a gama.

Mai son takardar shaida, jarrabawar da duniya ta sani ita ce DELE, wadda cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa da sunan ma'aikatar ilimin Sifaniya. Matakanta shida ne, daga A1 zuwa C2, takardarta ba ta tsufa, kuma akwai nau'in 'yan makaranta da ke farawa daga shekara 11. Tsofaffin tambayoyinta suna shafin cibiyar kyauta. Ni da su nake auna babbar duk bayan wata shida: in buga na A1, in sa mata agogo, in aika wa babanta hoton amsoshin ya duba.

Da azumi muna ajiye sabon darasi gaba ɗaya. Gwangwani na uku kawai ake buɗewa, minti biyar bayan la'asar, sai kirga kwanakin wata da Sifaniyanci a jikin kalanda. Bayan salla mako guda na bita, sannan a ɗora daga inda aka tsaya.